Tantin kwana a daji da iyali: dom, kabin, tanel ko na kanbas, wanne zaka saya?

Da yara sun samu hutun Disamba zaka fara jin mutane na shirin Yankari ko Sumu ko bakin dam ɗin Dadin Kowa, kuma yanzu an samu masu son su kwana a waje ba a ɗakin haya ba, su hura wuta su gasa nama yara suga taurari. To nan ne maganar tanti ke tasowa, mutum ya shiga Jiji ko Facebook yaga hotuna kala kala, wannan an rubuta na mutum 4 wancan na mutum 8 wani kuma kamar gida guda, sai kansa ya ɗaure. In kana cikin masu wannan ruɗanin ga yadda ni nake auna su.

Abinda zaka fara dubawa

Girma shine farko kuma anan aka fi cin kuɗin mutane. Lambar da ke jikin jaka lissafin kamfani ne na mutane kwance a jere kafaɗa da kafaɗa, kowa an bashi faɗin wajen santimita 60, babu jaka babu kula babu butar alwala, kuma wasu ma sai an juya kai da ƙafa kafin lambar ta cika. Mu kuwa ba haka muke tafiya ba. Ɗauki dom, wato tanti mai kama da kifaffiyar ƙwarya, na mutum 6 irin Sundome na kamfanin Coleman, ƙasansa ƙafa 10 ne da ƙafa 10. Ka shimfiɗa katifa mai ƙafa 4 da rabi ta maigida da uwargida, ka ƙara ta ƴan makaranta mai ƙafa 3 a gefe, an cinye 7 da rabi kenan, saura ƙafa 2 da rabi wanda rabinsa ma bango ya sunkuyo ya danne. Ina mutum 6 ɗin? Shiyasa ka cire biyu daga duk lambar da ka gani, in akwai jariri da kayansa ko Hajiya mai tafiya da akwati ka cire uku.

Na biyu tsayi da sutura. Wannan masu yin tantin basu cika tunaninsa ba amma mu dole ne. Mace zata canza kaya, zata so tayi sallah a ciki a tsaye ba tare da idon jama'a ba, to in tsakiyar tantin bai kai ƙafa 6 ba babu wannan maganar. Sannan in yaranka sun kai shekara goma akwai maza akwai mata, ka san an ce a raba musu makwanci, labule ɗan siriri da ke tsakiyar wasu tantunan baya hana komai, da an kunna fitila inuwar mutum tana fita har waje ma.

Na uku shan iska. Yawancin tantunan nan anyi su ne saboda sanyi da ruwan Turai, mu kuma abokin gabarmu rana ce. A Maris da Afrilu Bauchi da Gombe zafi na taɓa digiri 40, tantin da bashi da tagogin raga a ɓangarori biyu masu kallon juna kafin hantsi ya gagari zama. Ka nemi mai rufi biyu, na ciki raga na waje mai cirewa, dare in babu hadari ka yaye na wajen.

Na huɗu guguwa da ruwa. Akwai wata lamba da suke rubutawa da milimita, ita ke nuna ƙarfin riƙe ruwan yadin. 1500 shine ƙarami da za a lamunta, 2000 zuwa 3000 yayi wa daminarmu, ƙasan kuma ana so ya fi haka. Amma gaskiya ba ruwan ke kada tanti ba, iskar da ke riga shi zuwa ce, wannan hadarin gabas ɗin da ke yaye kwanon gidaje a farkon damina.

Na biyar ƙasa da zif. Ƙasan ya zama a ɗinke da jiki kuma ya ɗan tashi sama kamar santimita 10 ta kowane gefe, zif ya rufe ruf babu ƴar kafa a ƙasa. Ba don ado ba, saboda kunama ne da kububuwa. Duk wanda yasan dalilin da yasa aka yi asibitin cizon maciji a Kaltungo bazai yi wasa da wannan ba.

Sai nauyi da wuyar kafawa, sai kuɗi da ko ana iya gyarawa a nan gida. Farashi ban sa lamba ba don kaya ne na waje, dala na motsawa suna motsawa, amma jerin wanda yafi wani tsada baya canzawa.

| Irin tanti | Kuɗi | Nauyi | Kafawa | Tsayuwa a ciki | Guguwa | Ƙarko |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Mai buɗe kansa | mafi araha | kilo 2 zuwa 4 | nan take | babu | rauni | kaɗan |
| Dom | araha zuwa tsaka | kilo 4 zuwa 8 | mutum ɗaya ko biyu | sai babba, a tsakiya kawai | mai kyau | tsaka |
| Kabin | tsaka zuwa tsada | kilo 12 zuwa 20 | mutum biyu | ko'ina | rauni | tsaka |
| Tanel | tsada | kilo 15 zuwa 25 | mutum biyu, da lokaci | yawancin wuri | mai kyau in an kafa daidai | mai kyau |
| Bel na kanbas | mafi tsada | kilo 30 zuwa 40 | mutum ɗaya mai ƙarfi | tsakiya da kewayenta | mai kyau sosai | shekaru masu yawa |
| Kanofi da gidan sauro | haya ko aro | mai nauyi | mutum uku | ko'ina | haɗari | ya danganta |

Mai buɗe kansa

Wannan shine wanda ake jefawa ya buɗe da kansa, kamfanin Decathlon ne ya shahara da shi da nasu Quechua. Yara na sonsa kuma bashi da tsada. Matsalarsa ƙanana ne, na mutum 2 ko 3, a zaune kawai ake iya zama, kuma masu arahar da suka cika kasuwa rufi ɗaya garesu, in kun kwana kusa da ruwa numfashinku zai taru a jikin yadin da asuba ya dinga ɗigo muku. Naɗe shi kuma sai an koya, ka gwada a tsakar gida kafin ka tafi. In wayar cikinsa ta karye an gama, ba mai gyara maka. Ba tantin iyali bane, na samari biyu ne da za'a ajiye a gefen babba.

Dom

Sanduna biyu masu lanƙwasa suna gittawa a sama, kamar an kife ƙwarya. Shi nafi ba mutane shawara in basu taɓa sayen tanti ba, saboda yana tsayawa da kansa ko ba'a buga turke ba, zaka iya ɗaga shi ka matsar in ka gano akwai gidan tururuwa a ƙasa, kuma iska tana zamewa ta kansa maimakon ta buge shi. Minti goma zuwa sha biyar an gama kafawa. Yana shiga but ɗin Corolla ko Vibe da sauran kaya ba rigima.

Amma ƙarfinsa yana raguwa in ya girma. Dom na mutum 4 daram yake, na 6 da sauƙi, na 8 zuwa sama sandunan sunyi tsawo da yawa, iska mai ƙarfi sai ta kwantar da bango ɗaya a kan masu barci. Sandunan masu araha na fayiba ne, suna tsagewa ta tsawo kuma tsagin yana shiga hannu, na alminiyom sun fi tsada amma lanƙwashewa suke basa fashewa. In ta fayiba ta tsage a daji ka zura guntun bututu a wajen ka naɗe da salatif mai ƙarfi, zata kai ku gida. Tsayi shine babban rauninsa, na mutum 4 bai kai ƙafa 5 ba, na 6 ne ke taɓa ƙafa 6 shima a tsakiya cak.

Kabin

Wannan shine wanda uwargida zata nuna in aka bata hotuna, kuma tana da gaskiya. Bangonsa a miƙe yake, na mutum 8 yana kai wajen ƙafa 14 da 10, tsayi ya haura ƙafa 6, tagogi manya, ana iya tafiya a ciki, a shimfiɗa darduma ayi sallah, a rataya fanka mai caji a sama. Akwai masu sanduna a haɗe da jiki waɗanda zarewa kawai ake suna ɗanawa, mutum biyu cikin ƴan mintuna sun gama. Wajen rage zafi shi yafi dom nesa ba kusa ba saboda iska mai zafi tana da inda zata hau.

Inda yake cin amana guguwa. Miƙaƙƙen bangon nan duk iskar da ta taso shi take samu, kuma gwiwoyin sandunan da ke naɗewa roba ne, ɗaya ta karye tantin ya durƙushe, samun irinta a kasuwar Wunti ko Muda Lawal a Bauchi kuwa sai dai mai walda yayi maka dabara. Wasu ma rufin samansu ɗan ƙarami ne kamar hula baya sauka ya rufe tagogi, ruwan da iska ta karkato dashi yana shiga. Don haka kabin na rani ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana da daɗi sosai, in kuma zaka fita dashi a Mayu ko Yuni to duk igiyoyin da suka zo dashi sai ka ɗaure su, kar ka bar ko ɗaya a jaka. Jakarsa doguwa ce, ta wasu ta haura mita ɗaya, ka auna but ɗinka kafin ka biya.

Tanel

Dogo ne, sanduna masu lanƙwasa kamar baka uku ko huɗu a jere, ciki an raba ɗakunan kwana biyu ko uku masu zif nasu, da falo a tsakiya ko a gaba. Maganar sutura babu wanda ya kai shi cikin na yadin roba, ɗakin iyaye daban na yara daban, akwai ma masu baƙin yadi a ɗakin kwana da ke hana haske da inuwa. Kamfanonin Birtaniya irin su Vango sun iya yinsa, har da masu sandunan iska da ake hurawa da famfo, waɗannan dai ni bana ba kowa shawararsu a ƙasar ƙaya da rana irin tamu, iskar ciki tana kumbura da zafi kuma faci a daji ba wasa bane.

Abinda ba'a gaya maka a hoto shine baya tsayawa da kansa ko kaɗan, turaku ne ke riƙe shi, sama da ashirin a manyan. Ƙasar Bauchi da rani kuwa kowa ya santa, marmara da dutse, waɗannan siraran turakun da ke zuwa a jaka bugu biyu sun lanƙwashe. Kaje wajen mai walda ya yanka maka rodi mai milimita 10 ko 12, tsawon santimita 30, ya lanƙwasa kan ya fiƙe gindin, ka tafi da guduma ta gaske. Wannan shawarar ta duk tantunan ce amma ga tanel farilla ce. Sannan ka juya ƙaramin gefensa ya fuskanci inda iska ke tasowa, hunturu daga arewa maso gabas yake zuwa, hadari daga gabas, in ka bashi dogon gefen zai sha wahala. Kuma anyi shi ne don sanyi, wasu tagoginsu leda ce mai haske ba raga ba, da rana falon sai ya zama gidan burodi. Ka duba wannan da kyau. A gwanjo ake yawan samunsa.

Bel na kanbas

Sanda ɗaya a tsakiya, zagayayye, yadin auduga mai kauri. Mai faɗin mita 5 sandarsa mita 3 ce, filin ciki ya kusa murabba'in mita 20, iyali mai mutum shida da kayansu suna sakewa. Shine kaɗai wanda zaka iya yin ƙailula a cikinsa, audugar tana numfashi, bata tara gumi, kuma da yawansu ana zuge ƙasan bangon a naɗe sama iska ta ratsa ta ko'ina. Da sanyin asubar Janairu lokacin da ake sauka ƙasa da digiri 15 shi yafi riƙe ɗumi. Rana bata cinye shi da wuri kamar yadin roba, kuma in ya yage duk telan da ke ɗinka tamfol ko kujerar mota zai gyara. Guguwa kuwa in an ja igiyoyinsa daidai ba abinda take masa.

Kuɗinsa ya ninka na dom sau da yawa, nauyi kilo 30 zuwa 40 a bushe, in ya jiƙe mutum ɗaya bazai ɗaga ba. Yana son fili kamar mita 7 saboda igiyoyi. Ɗaki ɗaya ne fayau babu rabi, gefensa kuma bangon bai wuce santimita 60 ba sai dai a jera kaya a wajen. Sabo sai ka kafa shi ka jiƙa da ruwa ya bushe kafin zaren ya kumbura ya toshe ramin allura, in ba haka ba ruwan farko zai yi yoyo kace an cuceka. In ka naɗe shi da danshi funfuna ta kama shi, in ka ajiye a ƙasan sito gara ta same shi. Wanda zai fita sau ɗaya a shekara asarar kuɗi ne.

Kanofi da gidan sauro

Akwai masu cewa me zai sa in sayi tanti ga kanofin biki ga tamfol ga gidan sauro. Don inuwar rana da wajen girki da cin abinci wallahi yana da kyau, ina ma ba da shawarar a tafi da tamfol ko da wane tanti aka saya. Amma kwana da yara a ƙasa ba ƙasan da aka ɗinke, a'a. Gidan sauro yana tare sauro, baya tare abinda ke jan ciki, kuma kanofi in iska ta shiga ƙarƙashinsa tashi yake da ƙarafunansa.

Babba ɗaya ko matsakaita biyu

Nan ne ra'ayina ya bambanta da na masu sayarwa. Iyalin da suka haura mutum biyar, matsakaita biyu sun fi ƙato ɗaya kusan ta kowace fuska. Sutura ta samu ta gaske, kowanne yafi jure iska, samun fili mai laushi na ƙafa 10 sau biyu yafi sauƙi akan na ƙafa 20 sau ɗaya, in ɗaya ya lalace ba'a kwana a mota ba, kuma ranar da kai da abokinka kaɗai zaku fita ka ɗauki guda. Ka kafa su ƙofa na kallon ƙofa, ka ja tamfol a tsakani, an samu tsakar gida. Inda ƙato ɗaya ke cin nasara shine in yaran duk ƙanana ne, waɗanda in sun farka cikin dare sai sun taɓa mamansu.

In gwanjo zaka saya

Ana samun kaya masu kyau a gwanjo fiye da sabbin marasa suna, amma kar ka biya sai an kafa a gabanka. Shinshina cikin rufin, in yana wari mai tsami ko yana manne wa hannu to shafen da ke hana ruwa ya lalace, zafin ajiya ke jawo hakan kuma baya gyaruwa. Duba bayan ɗinki ko ledar da aka liƙa tana ɓarewa. Ƙirga sanduna, ja robar cikinsu kaga ko ta saki. Ɗaga ragar sama ta fuskanci rana zaka ga ramuka. Zif ka ja shi sau da yawa, ƙurar hunturu ita ke kashe shi, amma shi da sauƙi mai gyaran jaka zai canza masa kai, kuma tsohon buroshi da ɗan kyandir suna ƙara masa kwana.

Abinda babu tantin da zai kare ka daga shi

Kar a shigar da kurfoti ko risho ko gas ciki komai sanyi, hayaƙin gawayi akwai wanda baya wari kuma yana kashe mutane cikin barci, yadin roba kuma narkewa yake ya manne a fata. Alhazai sun san labarin gobarar Mina ta 1997 da ta ci sama da mutum 300, bayanta ne aka canza tantunan can zuwa masu jure wuta, naka ba irinsu bane. Maganin sauro na ƙonawa ma a waje. A Yankari ba inda kaga dama zaka kafa ba, daji ne mai sama da murabba'in kilomita 2,200 da giwaye a ciki, ka tambayi hukumar wajen tun kafin ka taso ko sun yarda, da kuma inda suka yarda a kafa. Gwaggon birin Wikki, masaukin baƙi na cikin Yankari, kuwa ba kunya garesu ba, abinci a mota a kulle, in suka ji ƙamshi a tanti raga ba komai bace a wajensu. A Dadin Kowa kar a matsa bakin ruwa, akwai dorina a kogin Gongola kuma da dare take fitowa kiwo. Kar a kafa a cikin busasshen rafi da damina. Takalma a shigar dasu ciki ko a kakkaɓe da safe. Kuma duk inda ba wurin gwamnati mai masu gadi bane, ka fara zuwa wajen mai unguwa ko ƴan banga su san da ku.

Wa ya dace da wanne

Kai da madam da jariri ko yaro ɗaya, dom na mutum 6, shine ma zata iya tsayuwa a tsakiyarsa. Yara biyu ko uku ƙanana kuma da rani kawai zaku fita, kabin na mutum 8. Akwai budurwa da samari a gidan, dom biyu ko kabin na iyaye da ƴan mata sai ƙaramin dom na mazan. Mai mata biyu kuma kar ma ya fara lissafin tanti ɗaya, kuma su zama iri ɗaya girma ɗaya. Wanda zai fita har da damina ko zai hau wajen duwatsu masu iska irin Tula, dom mai sandar alminiyom da rufin da ya sauka har ƙasa, ko tanel in yana da haƙurin buga turaku. Wanda ke da Sienna ko Hilux, yana fita akai akai ko zai yi sati a gona lokacin girbi, bel na kanbas. Wanda kuma bai tabbata iyalinsa zasu so kwanan daji ba, ya ari dom wajen wani ko ya sayi na gwanjo, su fara kwana ɗaya a tsakar gida tukuna.